Maki Hamsin da Tara na Mai Agogo

Akwai wani mai gyaran agogo da ke da ɗan teburi a bakin kasuwa, gilashi saƙale a ido ɗaya, ƙananan sukurori a murfin kwalba. Yana da difloma, amma shekara tara tana kwance a ƙasan akwati.

Wata hukuma ta buɗe ɗaukar ma'aikata, gurbi sittin, da sharaɗin kada mai nema ya haura shekara talatin da biyar. Shi kuwa saura masa wata uku ya haura. In wannan ta wuce shi, shi da aikin ofis sai dai kallo.

Ɗan baffansa ma ya nema. Farfesa ake ce masa, don babu zancen da za a ɗauko bai san ƙarshensa ba.

Mutum dubu uku ne suka nema, zauren kuwa dubu ɗaya yake ɗauka. Sai aka raba jarrabawar zama uku: safe, rana da yamma, kowane zama da tambayoyinsa daban, don kada na safe su tsegunta wa na baya. Farfesa ya faɗo a na safe, Mai Agogo a na rana.

Mai Agogo na kan layin shiga zaman rana Farfesa ya fito yana kaɗa makulli. "Yaya, ruwa ce! Ko ɗan firamare zai ci."

Mai Agogo ya zauna gaban kwamfuta, ya karanta tambayar farko, zufa ta keto masa. Ta biyu ta fi ta farko mugunta. Kafin rabin lokaci ya fara jin ana jan kujeru, mutane na fita suna tsaki. Na gefensa ya miƙe ya ce, "Malam, tashi mu tafi, an riga an ba na safe aikin."

Bai tashi ba. Mutumin da ya saba neman sukuro ɗaya na awa guda ba ya saurin cire rai. Ya bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya har lokaci ya cika, allon ya nuna masa makinsa: hamsin da tara.

Farfesa tamanin da ɗaya ya samu, kuma kafin yamma babu wanda bai ji ba a dangi. Har ɗinki ya kai wa tela na ranar kama aiki. In ya biyo ta teburin sai ya dafa shi ya ce, "Kar ka damu Yaya, in na shiga duk agogon bangon ofis kai zan riƙa kawo wa."

Maganar tana yi masa ciwo ƙwarai, amma sai ya ce, "Allah ya sa albarka."

Ranar da aka liƙa sunaye ya buɗe teburinsa kamar kullum. Sai ga matarsa tsaye a kansa.

"Maigida, ba za ka je ka duba ba?"

"In duba me? Hamsin da tara?"

"Ka je ka ga babu da idonka. Ni zan tsare maka agogunan, ba gudu za su yi ba."

Ya tafi don kawai a zauna lafiya. Daga ƙasan takardar ya fara dubawa, don can yake ganin ya dace da shi, har yatsansa ya hau sama. Sunansa ne na takwas. Ya goge ido ya sake karanta lambar jarrabawar da ke gefen sunan. Tasa ce!

Sai ya ji muryar Farfesa a tagar ofis. "An yi maguɗi! Ina tamanin da ɗaya, ina hamsin da tara?"

Wata dattijuwar ma'aikaciya ta sauke tabarau ta ce, "Ɗana, sassauta murya. Kwamfuta ce ta rarraba ku, ba ta san mai ƙoƙari ba balle ta tara su duka da safe. Amma na safe yawancinsu sun haura saba'in da biyar, na rana kuwa yawanci talatin da wani abu. Me wannan ya nuna maka? Takardar ce ta bambanta, ba ƙwaƙwalen ba."

"To ai ba laifina ba ne!"

"Ba laifinsu ba ne su ma. Shi ya sa muke fara auna kowa da waɗanda suka zauna takarda ɗaya da shi, sannan mu ɗora kowa a ma'auni ɗaya. Kai, mutum ɗari uku da 'yan kai ne suka fi ka a zamanku. Mai hamsin da tara ɗin nan, biyu kacal suka fi shi cikin dubu."

Farfesa ya cusa makullinsa a aljihu ya ja gefe.

Mai Agogo kuwa duk bayanin a kunnensa aka yi shi. Ashe duk kwanakin da yake kwana da baƙin ciki, wasu mutane da bai taɓa gani ba suna zaune suna auna wuyar da ya sha, tambaya bayan tambaya. Ya matso tagar.

"Hajiya, wato kun san ta yi wuya?"

Ta dube shi ta yi murmushi. "Mun sani mana. Mun kuma san waɗanda suka zauna har ƙarshe. Ka kawo takardunka ranar Litinin."

Ya koma kasuwa a ƙafa, hawaye na zuba, bai ko share ba. Matarsa na hango shi ta miƙe a tsorace. Ya ce, "Je ki ciro min difloma a ƙasan akwati."

Darasi: Kada ka auna kanka da makin wanda ba takarda ɗaya kuka zauna ba, kuma kada ka raina wanda ba ka san nauyin tambayoyinsa ba. In taka ta yi wuya, zauna har a ce lokaci ya cika. Ka tura wannan labari ga wanda ka san yana gab da tashi daga kujerarsa.