Igiyar Gado

Akwai wani mutum mai yasar rijiya. In rijiya ta cika da laka shi ake kira, a ɗaura masa igiya a ƙugu, a zura shi ƙasa ya kwashe. Ƙanensa da wasu maza biyu ne ke riƙe igiyar daga sama.

Masu wannan sana'a suna da al'ada. Kafin mutum ya shiga, sai a cika buhu da yashi daidai nauyinsa, a ɗaura wa igiyar, a sauke har ƙasa, a jawo. In ta riƙe buhu, za ta riƙe mutum. Mutumin nan kuwa ba ya wasa da gwajin in igiyar wani ce. Ya sha yar da igiyoyin mutane yana musu dariya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Shi ma yana da tasa, doguwa, mai kaurin wuyan hannu, wadda ya gada daga mahaifinsa. Tana rataye a ɗaki shekara da shekaru, gama rijiyoyin ƙauyen ba su da zurfi, gajeru sun ishe shi. Yakan shafa mata mai har ta yi ƙyalli, kowane baƙo sai ya yaba. Bai taɓa lura cewa rufin yana yoyo a kanta duk damina ba.

Wata rana aka kira shi wata rijiya mai zurfin gaba ashirin. Ya sauko da igiyar gadon, jama'a suka taru. Ƙanensa ya jawo buhun yashi.

Mutumin ya ɓata rai. "Igiyar Baba za ka gwada a gaban mutane?"

"Yaya, ai buhu ba zagi ba ne."

"Kai shi can. Ni na san igiyata."

 Gaskiyar magana, yana tsoron kada ta tsinke a idon waɗanda ya yi wa dariya. Kunya ta fi masa rijiya ban tsoro, sai ya ɗaura ya shiga.

Gaba biyar lafiya, gaba takwas lafiya. Da ya kai tsakiya, bakin rijiyar ya koma kamar faifai, sai ya ji wani gari yana zubo masa a ido. Ya taɓa, ba ƙasa ba ce. Sai ya ji ƙas! a bisa kansa. Ya miƙa hannu ga bango, bangon santsi. Ya sake jin ƙas! Ya ɗaga murya, "Ku ja! Don Allah ku ja!"

Suka ja da dukan ƙarfinsu. Sai igiya ta taso musu sakayau. Da ƙanen ya warware bakinta yana kuka, ya tarar cikinta duk ya ruɓe, bayan ne kaɗai ke ƙyalli.

Ma'anar wannan misali ita ce: igiyar bangaskiya ce. A majami'a dukanmu kama ɗaya muke, waƙa ɗaya, Amin ɗaya, ido ba ya rarrabewa. Nauyi ne ke rarrabewa. Ranar da aka ci mutuncinka, ka yafe? Ranar da gaskiya za ta jawo maka hasara, ka faɗe ta? Inda ba wanda ya san kai Kirista ne, wane ne kai? Waɗannan su ne buhunan yashi da Allah cikin jinƙansa yake aiko mana, mu kuwa muna fushi da mai kawowa.

Kada ka ce, "An haife ni a gidan masu bi, babana dattijon ikilisiya ne, an yi mini baftisma." Bangaskiyar mahaifinka shi ta riƙe. Kai fa, ka tuba? Ka ba Yesu ranka, ko sunansa kawai kake shafa wa mai ran Lahadi?

Ni mai faɗa muku, tsoro nake ji, don na fi kowa iya duba igiyar wasu. Ku bari Maganar Allah ta gwada ku yau, ko da za ku ji kunya a gaban 'yan'uwa. Kowa zai shiga rijiyar nan shi kaɗai, kuma wanda ya kai tsakiya ba ya sauya igiya.