Kalmar da Aku Ya Iya

An yi wani mai gyaran keke, Malam Haladu, da ke kiwon dabbobi uku a gidansa. Akwai Mage, fara tas, mai ji da kanta kamar ita ta gina gidan. Akwai Tantabara mai lura da komai. Sai kuma Aku, wanda bakinsa ba ya hutawa, ko da yake a maganar mutane kalma ɗaya tak ya iya: "Ubanka!"

Ba sai an tambayi inda ya samo ta ba. Malam Haladu mutum ne mai saurin hannu, kuma yana da ɗa ɗan firamare mai suna Sagiru. Ko ruwa yaron ya zubar, sai ka ji "Ubanka!" sannan robar tayar keke ta sauka a bayansa.

Sagiru ba ya kuka a gaban ubansa. Zagayawa bayan gida yake yi, ya kamo Tantabara, ya ɗaure mata ƙafa da zare, ya riƙa fige mata gashi har sai zuciyarsa ta huce.

Wata rana Tantabara ta sami Mage tana lasar hannu a inuwa.

"Mage, na lura da wani abu," in ji ta. "Duk ranar da aka doki yaron nan, ranar nake shan wuya. In ba a taɓa shi ba, har gero yake watsa mini."

"To, ina ruwana?" Mage ta ce. "Ni kin taɓa ganin an ɗaga mini hannu? Maigida da kansa yake ba ni kan kifi."

"Taimako nake roƙo. In an doke shi, ki je ki kwanta a cinyarsa. Jikinki da laushi, wataƙila ya huce kafin ya iso kaina."

"Ni? Cinyar wannan ƙazamin? Ke dai ki gyara halinki. Ba a dukan kowa a banza."

Aku ya leƙo daga kejinsa. "Ƙarya kike, Mage! A gidan nan kullum a banza ake duka, a kan idona!"

"Rufe mana baki, mai kalma ɗaya," in ji Mage, ta juya masa baya.

Abin ya yi wa Tantabara ciwo ƙwarai. Da gashinta ya ɗan tofo, sai ta tashi ta koma rufin maƙwabta.

Ba a jima ba Sagiru ya ɓatar da sifanar ubansa, aka yi masa dukan da ya fi na kullum. Ya zagaya bayan gida yana huci. Ya duba ɗakin Tantabara, wayam. Da ya waiwaya, sai ga Mage ta miƙe a rana, ko motsi ba ta yi ba, don a ganinta ba a haifi mai taɓa ta ba.

Muciya ya ɗauka. Bugu ɗaya, ƙafarta ta baya ta karye.

Ihun Mage ya fito da Malam Haladu a guje. Da ya ga magensa tana jan ƙafa, idonsa ya rufe. Ya finciko Sagiru zuwa tsakar gida, inda Iya, mahaifiyar Malam Haladu, ke zaune tana tsince wake. Ya ɗaga robar.

"Dabba mara baki! Me ta yi maka? Wa ya koya maka wannan mugunta?"

Sagiru ya kare kansa da hannu.

"Na ce wa ya koya maka?"

"Ubanka!" in ji Aku.

Iya ta ajiye faifan wake ta ce, "To, Haladu, an ba ka amsa."

"Haba, Iya, tsuntsu ne fa. Bai san abin da yake faɗa ba. Ni tarbiyya nake yi wa yaron nan."

"Ɗaga rigarsa ka ga tarbiyyar."

Ya ɗaga. Bayan yaron duk shatin roba ne, sabo a kan tsoho.

"Yanzu ni ma bari in tambaye ka," in ji Iya. "Kai wa ya koya maka irin wannan tarbiyya?"

"Ubanka!" in ji Aku.

Wannan karon idon Iya ne ya cika da ƙwalla. "Allah ya jiƙan Malam, mahaifinka," ta ce a hankali. "Haka ya riƙa yi maka. Kai kuma ka fita ka jefi akuyarmu da dutse, ka fasa mata ido. Ka manta?"

Bai manta ba. Ya tsaya yana kallon robar da ke hannunsa, kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Can sai ya jefa ta bayan katanga.

Ya samo kara da tsumma, ya durƙusa gaban Mage don ya yi mata ɗori. "Zo nan, Sagiru. Riƙe mata kai. A hankali! Ce mata sannu."

"Sannu, Mage," in ji Sagiru.

Malam Haladu ya ɗaure tsumman, ya dubi ɗansa. Maganar ta yi masa nauyi, amma ya faɗe ta: "Kai ma sannu, Sagiru."

Nan yaron ya fashe da kuka, karon farko a gaban ubansa.

Kada ku ɗauka Malam Haladu ya sauya a rana ɗaya. Hali ba riga ba ne. Sau da yawa hannunsa kan tashi, sai Aku ya kwarara masa kalmar nan, hannun ya koma ƙasa. A hankali ya koyi zaunar da yaro ya yi masa faɗa da baki.

Ƙafar Mage ta warke, amma ɗingishin bai rabu da ita ba. Ranar da Tantabara ta dawo, Mage ce ta fara tarar ta.

"Yaya, kin gyara halin naki?" Tantabara ta tambaya.

Mage ta sunkuyar da kai. "Ki yafe ni. Ban yi komai ba aka karya ni, kamar yadda ke ma ba ki yi komai ba."

"Ni ba mai yi mini godiya?" in ji Aku. "Mai kalma ɗaya ne fa ya gyara gidan nan!"

Yanzu duk ranar da ran Sagiru ya ɓaci, Mage kan ɗingisa ta kwanta a cinyarsa, Tantabara na tsattsagar gero a gefensu. Aku kuwa ya koyi kalma ta biyu, don ita yake yawan ji a gidan. Duk wanda ya yi sallama, sai ya ji daga keji: "Sannu!"

Darasin wannan labari shi ne, dukan da ake yi wa yaro ba ya tsayawa a jikinsa. Yakan sauke shi a kan wanda ya fi shi rauni. In kun ga yaro yana azabtar da dabba, ku ceci dabbar, sannan ku tambayi abin da ke samun yaron a gida. Kada kuma ku zama Mage, ku ga ana cutar wani ku ce ba ruwanku. Ku ma in ana cutar ku, ku gaya wa babban da kuka yarda da shi. Mugunta koyonta ake yi, tausayi ma haka.