Ranar da Aka Hana Cindo Sauke Rawani

Na san za a ce tsufa ya fara taɓa ni, amma zan faɗa: an taɓa yin mamacin da ya kai ƙara gaban sarki da bakin ɗan kama. Ni kuwa 'yar gidan malamai ce, ba a san ni da kwaso zance a bakin rijiya ba.

A zamanin da, a wata masarauta, kowace kaka 'yan kama sukan kwaikwayi manyan fada a ƙofar sarki, ba mai taɓa su. Shugabansu shi ne Cindo. Ƙa'idar sana'ar ita ce, da zarar dariya ta yi ƙarfi, sai mai wasa ya sauke rawani, ya faɗi sunansa, ya jefa wa jama'a tambaya. Wata shekara Cindo ya kwaikwayi Waziri yana karɓar hatsin talakawa da mudun da ba ya cika, sannan ya sauke rawani ya ce, "Ni Cindo ne ɗan Nomau. Ku da kuke dariya, rumbun wa aka kwashe?" Nan take dariya ta mutu.

Waziri ya faɗi gaban sarki ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ana cikin cin tuwo a watsa yashi? Wannan sauke rawani yana ɓata wa talakawanka nishaɗi." Sarki ya sa aka yi shela: wanda ya sauke rawani kafin wasa ya ƙare, kansa zai bi rawanin.

A shekarar ne Alƙali Sambo ya ɓace, Waziri ya baza cewa ya gudu wurin abokan gaba. Da kaka ta zo, ya kira Cindo ya miƙa masa alkyabba da rawani.

"Na alƙali ne. Ka yi mana shi yana gudu yana tuntuɓe."

"Ranka ya daɗe, magabatanmu sun ce wanda bai sauke rawani ba, mai rawanin kan zo ya zauna."

"To ya zo mana, a shimfiɗa masa tabarma!"

Bayan la'asar aka taru. Cindo ya ji alkyabbar da rawanin da sanyi kamar jikin tulu, suna warin baba irin na marina. Ya yi gudu, ya yi tuntuɓe, jama'a suka tuntsire da dariya. Hannunsa ya tashi zuwa rawani bisa sabo, sai ya hangi takobin dogari, ya mayar da shi. Ya nemi sunansa a zuciya don ya riƙe, ya rasa. Ƙafafunsa suka tsaya da kansu. Daga can nesa, kamar mai saurare daga ƙasan rijiya, ya ji bakinsa yana magana da muryar da ba tasa ba.

"Sarki, ban gudu ba. Ina cikin tsohon ramin marina na bayan gidan Waziri. Na ƙi halatta masa hatsin marayu, ya sa aka tura ni."

Jama'a suka ƙara shewa, suna cewa bana Cindo ya ƙware, domin ba wanda ya tsaya ya tuna musu inda wasa ya ƙare. Sarki kaɗai bai yi dariya ba. Ya ga shuɗin ruwa yana ɗiga daga gefen alkyabba, ya dubi Waziri ya ce, "Mutumin da ya gudu, yaya aka yi tufafinsa suka zo hannunka?"



Sarki ya sauko da kansa, ya warware rawanin daga kan ɗan kama, ya ce, "Kai wane ne?" Can wata siririyar murya ta ce, "Cindo ne... ɗan Nomau."

Aka tone ramin, aka sami alƙali, aka yi masa sutura. Waziri ya sha hukuncin kisa, aka soke shelar, sauke rawani ya zama wajibi. Cindo ya rayu har ya ga jikoki, amma tafin hannunsa bai daina shuɗi ba.

Mai shakka ya je unguwar marina ya tambayi Gwaggo Tabawa, tattaɓa-kunnen Cindo. Rawanin yana cikin adakarta, kuma har yau bai bushe ba.