Notin Saman Akwatin Sitiyari

An yi wani mutum a Birnin Kebbi, bakanike, ba zan faɗi sunansa ba domin danginsa suna nan da rai. Garejinsa yana wajen Gwadangaji. Allah ya ba shi hannu, inji in ya yi tari yana jin ciwonsa tun daga bakin titi. Sai dai akwai kalma guda da bakinsa bai iya furtawa: ban sani ba.

Yana da ƙanwa, Mubina, tana aure a Argungu. Mijinta Usmanu direba ne, yana jan wata tsohuwar roka, babbar motar kaya, da ke kwaso albasa daga Augie zuwa Birni. Motar ta tsufa, sitiyarinta irin na da ne, na ƙarfin damtse. Ya soma wasa. Sai Usmanu ya murɗa shi kusan taƙi guda tayoyin ba su ko motsa ba.

Ya kawo ta garejin, ya durƙusa ya gaisa, ya ce, "Yaya, sitiyarin ga ya zama lilo. Ina son ka buɗe akwatin ka duba cikinai. Manoma na hawa saman buhunna, tsoro nika ji."

To, ya 'yan uwa, wanga mutum bai taɓa buɗe irin wannan akwati ba. Ƙananan motoci ya koya. A jikin garejinsa kuwa akwai Matiyu, mutumin Filato, wanda ya tsufa a ƙarƙashin manyan motoci. Taku kaɗan ne tsakaninsu. Tare suke shan shayi. Me zai rage masa in ya leƙa ya ce, zo ka nuna mani? Amma ya ga mijin ƙanwarsa tsaye, ya ga direbobi zaune a benci, sai zuciya ta ce masa: kai da ake kira oga?

Ya ce, "Tafi ka ci abinci, ka dawo bayan azahar."

A saman akwatin akwai wani noti da ake ɗaurewa kaɗan don rage wasa. Kaɗan, na ce. Ya sa sifana ya ɗaure, ya taɓa sitiyari, da saura. Ya ƙara. Ya ƙara, har wasan ya ɓace ɗungum.

Matiyu ya zo wucewa da bokitin giris, ya tsaya. Ya ce, "Oga, ka matse shi da yawa fa. Haƙoran tsakiya ne suka cinye, na gefe suna nan. A miƙe zai yi daɗi, a kwana zai cije."

Ya ce, "Matiyu, na aike ka?"

Matiyu ya ɗauki bokitinsa.

Da Usmanu ya dawo ya kama sitiyari, ya ji shi tsam kamar sabo, ya yi dariya. Ya ce, "Yaya, har ka buɗe ka rufe?"

Nan ne ƙofar tuba ta ƙarshe take, a buɗe. Sai ya ce, "Wallahi na buɗe, na gyara."

Kun ji? Ya ɗauki sunan Allah ya rufe ramin da ya haƙa.

Kashegari Usmanu ya yi lodi a Augie, manoma suka hau saman buhu. A da, da ya san sitiyarinsa na wasa, a hankali yake shiga kwana, kamar mai tafiya a kan santsi. Yanzu an rantse masa, sai ya saki jiki. A wata kwana da hanya ke bin gefen fadama ya murɗa, sitiyari ya cije, ya ƙi dawowa. Motar ta gangara ta kwanta a cikin shinkafa. Manoman suka zube a taɓo, Allah ya tsare rayukansu. Albasar shekara ta jiƙe ta ruɓe. Usmanu kuwa hannunsa na dama ya shiga ƙarƙashin ƙofa. A asibiti aka yanke shi.

Bakaniken ya je dubiya. Ya tarar ana cewa ko gyara ne bai yi ba, Usmanu kuma daga kan gado yana faɗa da su: "Ku bar zancen ga. Yaya ya buɗe, ya rantse mani. Ƙaddara ce." Bakaniken na tsaye a bakin ƙofa yana ji. Ya bar su a kan ƙaryar.

Aka jawo motar zuwa gareji. Direbobi suka taru suka leƙa. Notukan murfin akwatin duk suna nan cikin tsatsa da tsohon giris da ya daskare, ba sifanar da ta taɓa su. Na sama kaɗai ke ƙyalli. Matiyu ya yi sauri ya jefa tsumma a kai, amma ido ya riga ya gani.

Ba wanda ya doke shi. Ba wanda ya kai shi kotu. Motoci kawai suka daina zuwa. Ya koma yin salla a masallacin wata unguwa, yana fita kafin a gaisa. Da ya tattara ƙarfin hali ya je Argungu neman gafara, Mubina ta shimfiɗa masa tabarmar baƙi, ta ce, "Malam, sannu da zuwa." Ita da tun tana rarrafe take ce masa Yaya.

Usmanu bai zage shi ba. Ya ce, "Da ka ce mani ba ka iya ba, da har yau da hannuna nika gaishe ka."

Ya 'yan uwa, rashin sani ba zunubi ba ne. Ɓoye shi a kan rayukan mutane, shi ne zunubin. Kunyar minti guda ya guje wa, ya ɗauki wadda zai shiga kabari da ita. Kai tela, kai magini, kai mai ba da magani, har kai mai wa'azi, in an kawo maka abin da ya fi ƙarfinka, ka ce ban sani ba, ka nuna ƙofar wanda ya sani.

Allah ka kiyaye mu daga girman kai, ka kiyaye harsunanmu daga rantsuwar ƙarya, kada ka sa wani ya nakasa saboda ya yarda da mu. Amin.