Manomin da Ya Matsar da Turken Tafki

Wani manomi ya gāji tafki a gindin dutse daga wurin ubansa. Da ruwan yake shayar da lambunsa. Masu haƙar kuza suna wanke ƙasarsu da shi, motar tanka kuma tana ɗebar wa mutanen birni na sha.

Uban ya kafa turken ƙarfe a cikin ruwan, ya bar doka: ran da kan turken ya fito, ba ban ruwa, ba wankin kuza, sai na sha kaɗai har damina ta sauka. A zamaninsa turken ba ya fitowa sai bazara.

Sai yanayi ya canja. Damina ta riƙa makara tana ɗaukewa da wuri, zafi ya ƙaru. Wata shekara, tun kafin Kirsimeti kan turken ya bayyana, tumatir kuwa yana fure.

Direban tanka ya ce wa manomin, "Baba, ka tsayar da masu kuzan nan. Famfunan birni sun ƙafe, nan kaɗai ya rage mana."

Shugaban masu haƙar ya yi dariya. "Maigida, guntun ƙarfe ne zai hana mu cin abinci? Kai ma dubi tumatir ɗinka."

Manomin ya dubi tumatir ɗinsa. Ya tuge turken, ya shiga ruwa har ƙugu, ya sāke kafa shi inda ruwa ya rufe kan turken.

Matarsa ta ce, "Maigida, ka matsar da turke. Ruwan fa, ka ƙara shi?"

Ya ce, "Ke, koma gida."

Sau uku ya yi haka. Kafin bikin Ista tafkin ya zama taɓo, taɓon ya tsattsage. Tumatir ya bushe. Masu kuza suka kwashe kwanoninsu suka yi gaba. Tanka ta koma birni fanko. Matar ta ɗauki tulu, ta nufi gari na uku neman ruwa.

Ga abin da misalin nan yake nufi. Tafkin baiwar Allah ce, amana ce a hannunmu. Turken kuwa iyaka ce da aka sa mana. Damina ta yanzu ba irin ta ƙuruciyata ba ce, da idona na gani. In ruwa ya ragu, rage ɗiba ake yi, a fara da mai ƙishi. Ku 'ya'yana, in gaskiya ta fito ta tsone muku ido, kada ku nutsar da ita. Mutumin nan bai ruɗi tafki ba, kansa ya ruɗa, maƙwabtansa kuma suka sha ƙishi tare da shi.