Shafin Ciyaman da Rumfar Tasalla

Ranar da Tasalla mai awara ta fara ganin Ciyaman Tanimu, ƙuri'a yake nema. Har da ce mata, "Ƙanwata, shafina na intanet naku ne, ku faɗi komai."

Da ya ci zaɓe, ta kuwa faɗa. Ta rubuta cewa kwatar kasuwa tana wari, sai ya toshe ta daga shafin.

Bayan wata biyu aka kai ta gaban alƙali za a ƙwace rumfarta, wai ta ƙi bin umarnin sabunta rajista da ya wallafa a shafin.

Ta ce, "Allah gafarta Malam, a tambayar mini shi. Shafin nan nasa ne ko na hukuma?"

Ciyaman ya ce, "Nawa ne! Wanda na ga dama nake toshewa."

"Ashe hirarsa ce da abokansa. Ana ƙwace rumfa a kan hira?"

Ya zabura. "A'a, na hukuma ne!"

"To yaya za a kulle ni a waje, kuma a ce ban ji abin da aka faɗa a ciki ba?"

Alƙali ya danne dariya. "A bar mata rumfarta, a buɗe mata shafi."

Tasalla ta risina. "Na yi alkawari, Yayana, kullum da safe zan gaishe ka a can. Da hoton kwata."