Ragon Buraima da Masu Sharar Cikinsa

A Zongon Lomé babu wanda bai san Buraima mai burodi ba, babu kuma wanda ya taɓa jin ya ce "ban sani ba." Girman kansa ya fi ƙofar gidansa faɗi. Yana da rago guda, Balami fari tas, shi kaɗai ya rage cikin irin da mahaifin Buraima ya zo da shi daga Arewa. Burinsa ragon nan ya daɗe, ya bar 'ya'ya, kada irin ya ƙare a hannunsa.

Sai dai a wurin Buraima, ƙauna ɗura ce. Ragowar burodi, dusa, ƙanzon shinkafa da wake, har shayi mai madara. An ce ko barci ragon yake yi, bakinsa na tauna. Kullum kuma yana ɗaure, kada tafiya ta zubar masa da ƙiba.

Nafissatou, 'yar ƙanwarsa mai karatun nazarin halittu a jami'a, ta gaji da kallo.

"Kawu, ka bar shi ya ɗan ji yunwa mana. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikinsa akwai wasu 'yan jakunkuna, lizozom ake ce musu. Su ne masu kwashe shara, suna narkar da duk abin da ya lalace. In ci bai yanke ba, sai su yi sanyi da aiki, datti ya taru, tsufa ya shigo da wuri."

"Wa ya leƙa ya gani?"

"An gwada da tsutsotsi da ɓeraye. Waɗanda aka rage wa ci sun fi daɗewa."

"Ragon babana kike haɗawa da ɓera? Boko ya juya miki kai, yarinya."

"Ai kai ma kana azumin Litinin da Alhamis."

"Ni lada nake nema. Shi me zai yi da lada? So kike Zongo ta ce mai burodi ya kasa ciyar da rago?"

Sau uku tana dawowa da maganar, sau uku yana ƙara wa ragon kwano.

Da lokaci ya yi, maƙwabciyarsa Hajiya Safina ta kawo tumakinta biyu don a samu iri. Ragon ya dube su, ya yi hamma, ya kwanta. Kwana takwas suka yi a gidan, ko tashi bai yi ya gaishe su ba.

"Malam Buraima," in ji Safina tana jan igiyarsu, "wannan ba ango ba ne, waliyyi ne."

Aka kira likitan dabbobi, ya buɗe bakin ragon, ya tattaɓa gwiwoyinsa, ya ce haƙoran na ɗan shekara uku ne, jikin kuwa na kakansa. Nan take Buraima ya kife kwano ya kwance igiya, amma ragon ya kasa kaiwa ƙofa. Dole aka sa masa wuƙa kafin ya zama mushe. Bai bar ko ɗa guda ba.

Buraima ya daɗe yana juya igiyar a hannu, sannan ya tambayi Nafissatou ƙasa-ƙasa: "Masu sharar nan, da ma ba a ɗauko su haya daga waje?"

"Ba a yi, Kawu." Ta dubi tumbinsa. "Saura naka."

Darasin a nan shi ne: jiki, na dabba ko na mutum, yana bukatar sarari ya share kansa, ƙaunar da ba ta san "ya isa" ba kuwa cuta ce. Kuma gaskiya ko daga bakin 'yar ƙanwarka ta fito, karɓe ta tun kwano bai cinye rago ba.